Mannir Ba Shi da Kati

Shafi na 31

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa za su biyo ni gida in ban saki shafin yau ba. Ku yi haƙuri, ruwan jiya ne ya ɗauke mana wuta, waya ta mutu a hannuna.

Ga waɗanda suka shigo sabo: Mannir, mai shafin Idon Dutse a Fesbuk, yana tsare a Gusau. Ya wallafa labarin wani kamfani mai suna Hasken Ma'adinai da ke wankin zinare a bakin wani rafi bayan duwatsun Kwatarkwashi, ya ce ruwan ya gurɓata. Kamfanin ya kai ƙararsa ta hannun lauya. Yau matarsa Fiddausi ta taso daga Tsafe, ta zo roƙon ƙungiyar 'yan jarida ta garin, Zauren Masu Alƙalami, su tsaya masa.

* * *

"Ba shi da kati."

Malam Bello, shugaban Zauren, ya faɗi haka a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa.

Fiddausi ta gyara zaman hijabinta. Tun da ta shiga mota a tashar Tsafe da safe ko ruwa ba ta sha ba. Ta dubi dogon teburin da ke gabanta, ma'aikatan rediyo da talabijin da wakilan jaridu sun jeru a kai, kowa da wayarsa a gabansa. Fanka na ta ƙara a sama ba ta kawo iska.

"Malam, ni ban san zancen kati ba," ta ce. "Abin da na sani, lauyanmu ya ce in ƙungiyarku ta fito ta ce aikin jarida ya yi, maganar za ta sauya. In ba haka ba, gobe a matsayin mai ɓata suna za a gurfanar da shi."

"Na fahimce ki, ɗiyata."

"To ku taimaka mini."

Wani matashi da ke gefen shugaban ya ɗaga hannu. Zaharaddeen ne, wakilin wani gidan talabijin, kyamararsa na ajiye a gabansa.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ya ce. "Mu nan makaranta muka je don aikin nan. Mun yi horo, an zage mu, an yaga mana labari a fuska kafin mu iya. Yanzu kuma duk wanda ya sayi waya da data sai ya zama ɗan jarida? To gobe masu shafin girke-girke ma sai su zo mu ba su kujera."

Wasu suka yi dariya. Malam Bello bai yi ba.

"Bari, Zaharaddeen." Ya juyo gare ta. "Ke 'yar Tsafe ce. Kin tuna direban nan da aka ƙona wa mota bara?"

Ta gyaɗa kai. Kowa ya san zancen.

"Wani mai shafi ne ya ɗora hotonsa, ya ce shi ke kai wa 'yan bindiga labari. Ba tambaya, ba bincike. Kafin la'asar an taru a kansa, da ƙyar ya tsira da rai. Daga baya ta bayyana ƙarya ce. Mai shafin ya goge, ya sauya suna, ya ci gaba da harkarsa. Ni na je gidan direban nan. Na ga 'ya'yansa."

"Ba maigidana Abban Salma ba ne ya yi wannan."

"Ba shi ba ne, na sani. Amma ga tambayata. Ni in na rubuta labari, akwai edita bisa kaina. In na yi ƙarya ya kama ni, in ta wuce shi a kama mu tare. Shi mijinki, wa ke bisa kansa? Wa ke duba abin da ya rubuta kafin ya sake wa dubban mutane?"



Fiddausi ba ta sani ba. Abin da ta sani, yakan zauna a tsakar gida da abin sauraro a kunne, ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, har abinci ya huce.

"Kin gani?" in ji Zaharaddeen. "Kuma ma, ba shi ne ya kashe Hajiya Uwani ba?"

Wannan karon ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya.

Fiddausi ta sunkuyar da kai. Ta san zancen, tun kafin aurensu ne. Lokacin shafin yana sabo, Mannir ya ji wata jita-jita ya rubuta cewa Allah ya yi wa Hajiya Uwani rasuwa, tsohuwar mai karanta labarai a rediyo da ta yi ritaya ta koma Bungudu. Aka yi ta ta'aziyya har yamma, alhali matar tana nan da ranta.

"Mutumin da ya binne mace da ranta," Zaharaddeen ya ci gaba, "shi za mu fito mu ce abokin aikinmu ne?"

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar sanda ce a kan siminti, daga wajen ƙofa.

Wani dogon dattijo mai malafa ya turo ƙofar ya riƙe. Sai aka ji murya tun kafin a ga mai ita.

"Ai ga gawar nan ta taho da ƙafarta."

Dariyar ta yanke kamar an kashe rediyo.

Fiddausi ta ɗago kai. Ba ta taɓa ganin fuskar matar nan ba, amma muryar! Muryar da ta taso da ita ce. Rediyon mahaifiyarta rataye a ƙusa a bangon kicin, ana tankaɗen gari, rana ta ɗago, muryar nan ta cika gidan. In ta fara magana har yara ake tsawatarwa. Muryar Hantsi ake ce mata a duk faɗin ƙasar nan.

Ta yi zaton za ta ga doguwar mace mai cika ƙofa.

Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya, cikin farin mayafi, da tabarau mai kauri, tana dogara sanda.

Kujeru suka yi ƙara. Kowa ya miƙe, har waɗanda ba a haife su ba lokacin da ta fara aiki. Malam Bello, mai furfura a gemu, ya zagayo da sauri ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya! Ke ce da kanki? Da kin aiko ai mu za mu zo."

"Tashi, Bello. Ka yi ƙiba."

"Hajiya..."

"Tashi in zauna, ƙafafuna ba su son tsayuwa."

Ya jawo mata kujerarsa ta shugaba. Ta zauna, ta jingine sandar, ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna dattijon da ya shigo da ita.

"Wanga Ardo Yakubu ne. Rugarsu na bakin rafin da ake magana. A ba shi wuri."

Aka ba shi.

Idonta ya tsaya a kan Fiddausi.

"Ke ce uwar Salma."

Fiddausi ta durƙusa. "Ni ce, Inna. Ina... ina kika san ni?"

"Na san ranar da anka haife ta. Na san haƙorinta na fari. Matso kusa da ni, ɗiyata."

Ta matso, kanta ya ɗaure.

Hajiya Uwani ta juya ga Malam Bello.

"Ina daga waje na ji tambayarka. Tambaya ce mai kyau, ni na koya maka ita. Maimaita."

Malam Bello ya ce, "Cewa na yi... wa ke duba abin da yaron ke rubutawa."

"Ni."

Malam Bello ya ɗago kai.

"Hajiya?"

"Ni ke dubawa. Ni ce editar Idon Dutse."

Wani ya saki salati a ƙarshen tebur. Zaharaddeen ya koma ya zauna ba tare da ya sani ba.

Ta laluba cikin jakarta ta fito da waya, ta miƙa masa.

"Kai mai idon ƙuruciya, buɗe. Gaya masu abin da ka gani."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya taɓa, ya duba, ya sake dubawa.

"Shafin ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "A buɗe yake ta ciki. Ita ma mai kula da shi ce."

"Ranar da yaron nan ya kashe ni," in ji Hajiya Uwani, "ina zaune ina cin ɗanwake maƙwabta sunka shigo da kuka. Na sa anka nemo mini shi. Ya zo Bungudu gumi har ƙafa, yana zaton 'yan sanda zai tarar. Na ce zauna. Karanta mini ta'aziyyar da mutane sunka rubuta, kada ka tsallake ko ɗaya."

Ta ɗan murmusa.

"Wallahi na ji daɗi. Ba kowa Allah ke ba ya ji abin da za a faɗa bayan ransa ba. Wasu ma sun yi mini ƙarya, sun ce ban taɓa faɗa ba."

Malam Bello ya yi dariya, hawaye na idonsa.

"Da ya gama na ce, wa ya gaya maka na mutu? Ya ce wani a tasha. Na ce shi wa ya gaya mashi? Bai sani ba. Na ce ka kira gidana? A'a. Ka zo ka ga makara? A'a. Ya fara kuka, ya ce zai rufe shafin. Na ce ba ka isa ba. Mutane sun riga sun taru ƙofarka, ba ka da ikon watsa su. Abin da ya rage ka koyi abin da za ka ba su. Tun daga ranar, babu layin da ya hau shafin nan bai bi ta kunnena ba. Shi ke zuwa wurin, shi ke gani, shi ke rubutawa, ya karanto mini ta waya. In na ce sake, ya sake."

Fiddausi ta dafe ƙirji.

Zan je Bungudu in gaida Inna. Sau nawa Mannir ya faɗa mata haka? Ita duk zatonta wata gwaggon abokinsa ce yake dubawa.

"Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?" ta ce.

"Ni na hana shi. In anka san da hannuna, sunana za a riƙa karantawa, ba labarin ba. Ya riƙe alkawari har cikin ɗakin da yake tsare. Da ya ambace ni da tuni maganar ta yi mashi sauƙi. Bai ambata ba."

Zaharaddeen ya ajiye wayar a gabanta.

"Hajiya, a gafarce ni. Kina nufin ke nan duk mai shafi ɗan jarida ne?"

"Wa ya ce haka? Wanda ya sa anka ƙona motar bawan Allah a Tsafe, ko ɗakinsa cike yake da kati, ba ɗan jarida ba ne, mai kunna wuta ne. Kuma irinsa sun fi yawa, na sani, ina karanta su, suna hana ni cin abinci. Kai kuwa kana da gaskiya da ka ce aikin nan koyonsa ake yi." Ta gyara tabarau. "Amma in tambaye ku. Cikinku wa ya taɓa zuwa bayan dutsen Kwatarkwashi kan maganar ruwan nan?"

Malam Bello ne ya amsa, bai ɓoye ba.

"Babu, Hajiya. Hanyar ba ta da tsaro. Gidajen da muke wa aiki ba su yarda a tura ma'aikaci ba."

"Ban ga laifinku ba. Ni ma da ina aiki da an hana ni, kuma da na hanu. Shi ba shi da mai hana shi, shi ya sa ya je. Ba shi kuma da mai kare shi, shi ya sa yake inda yake. Irinsa in kun bar su waje, wa zai koya masu? Ni na tsufa, Bello. Mutum ɗaya na iya riƙewa."

"Hajiya, wallahi zuciyata na tare da ke. Amma dokar Zauren ta ce sai mai aiki a gidan jarida mai rajista. Ba ni na rubuta ba."

"Na san wanda ya rubuta. Ina wurin."

Ta sake sa hannu a jaka. Wannan karon wani tsohon katin aikin jarida ta fito da shi, ledarsa ta yi ja, hoton wata budurwa mai ɗaurin ɗankwali a jiki. Ta ɗora shi a tebur.

"Wanga ya daina aiki tun ranar da na aje aikin rediyo. Ba ni da gidan jarida, ba ni da rajista. Shafi gare ni, kamar Mannir. To gaya mini gaban yaranka, Bello. Ni 'yar jarida ce ko ba ita ba ce?"

Malam Bello ya dubi katin. Ya dubi matar da ta koya masa yadda ake riƙe makirufo.



"Ba sai ka amsa yanzu ba," ta ce. "Ba ma don wannan na taho ba. An kama wanda ya rubuta. Wadda ta ce a saki labarin ga ta zaune. In laifi ne, namu ne mu biyu."

Ta tura wa Fiddausi wayar.

"Ɗiyata, kin iya sa abin nan da ake gani kai tsaye?"

"Na iya, Inna."

"Sa."

Malam Bello ya zabura. "Hajiya, za su haɗa da ke! Lauyoyin kamfanin nan ba su da wasa."

"Abin da na zo nema ke nan. Ardo, matso nan kusa."

Fiddausi ta ɗaga wayar. Zaharaddeen ya miƙe ba wanda ya sa shi, ya jawo labulen tagar da ke bayan tsohuwar don haske ya daidaita, ya kashe fankar da ke ƙara, ya zo ya tallafi gwiwar hannun Fiddausi don kada wayar ta motsa.

"An fara," ya raɗa.

Hajiya Uwani ta cire tabarau. Ta miƙe bayanta. Ta ja numfashi.

Abin da Fiddausi ta gani daga nan ba za ta manta da shi ba har ta mutu.

Tsohuwar da ta shigo da sanda ta ɓace. Kafaɗun suka daidaita, rawar murya ta tafi, har Hausar ta sauya, ta koma irin ta rediyo, kowace kalma a tsaye da ƙafarta.

"Jama'a, barkanmu da war haka. Ku matso kusa. Ga abin da muka gani da idonmu, ga abin da aka gaya mana, ga kuma abin da ba mu sani ba tukuna. Uwani ce ke magana."

Wata ma'aikaciyar rediyo da ke zaune a gefe ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

A fuskar wayar lambobi suka fara gudu. Saƙonni na hawa kamar tururuwa, Fiddausi ba ta iya karanta ɗaya kafin wani ya ture shi.

Allahu Akbar, Muryar Hantsi!

Ku kira mini Inna ta zo ta ji!

Daga tashar Tsafe muke, an kashe injin mota ana saurare.

Ina 'Yandoto, kakata ta ce a ƙara mata sauti.

"Ni ce editar wannan shafi," Hajiya Uwani ta ci gaba. "Mannir da ke tsare wakilina ne. Labarin da aka kama shi a kansa, ni na amince a sake shi. Zan maimaita shi yanzu da bakina, domin duk mai ƙara ya san inda zai kai ta."

Ta fara, ba takarda a gabanta. Ta faɗi inda rafin ya taso da inda ya bi. Ta faɗi inda aka kafa injinan niƙa dutse, da yadda ruwan wankin ke komawa cikin rafin. Ta ce an ɗebi ruwan an kai gwaji wuri biyu daban, duka sun nuna gubar dalma.

"Abin da ba mu sani ba," ta ce, "shi ne ko gubar ce kaɗai ta kashe shanun da suka mutu. Likitan dabbobi bai gama bincike ba, don haka ba mu faɗa ba, kuma ba za mu faɗa ba sai ya gama. Ga Ardo Yakubu, ya gaya muku nasa da bakinsa."

Fiddausi ta karkata wayar. Dattijon ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa.

"Ni ban iya maganar rediyo ba," ya ce. "Rafin nan kakana ya sha, ubana ya sha. Bana shanu sunka fara faɗuwa. Munka ce ƙaddara ce. Sai yara sunka fara, ciwon ciki, suma, jikata Delu har ta daina gane uwarta. Munka faɗa wa wanda za mu faɗa wa, shiru. Sai yaron nan ya zo bisa babur, ya kwana rugarmu, ya sha abin da muke sha kafin ya sani. Bayan ya sa a waya ne likitoci sunka zo. Delu tana asibiti yanzu, jiya ta kira sunan uwarta." Ya tsaya, ya share ido da bakin rawani. "An ce mini wai ana gardama ko shi mi ne ne. Ni ban san sunan aikinsa ba. Na dai san shi ya zo."

Ba wanda ya motsa a ɗakin.

A cikin shirun nan ne Fiddausi ta ji wani abu. Muryar Ardo tana dawowa daga waje, a makare kaɗan. Daga rumfar mai shayi da ke tsallaken titi. Daga wurin 'yan acaɓa. Daga shagon mai gyaran waya. Titin gaba ɗaya abu ɗaya yake saurare.

Malam Bello ya leƙa ta gefen labule, ya dawo yana girgiza kai. Ya ɗauki biro ya ja takarda, ya fara rubuta sanarwar cewa Zauren ya tsaya wa Mannir. Ya tura wa na kusa da shi, shi ma ya karanta ya sa hannu, ya tura gaba.

Wayar ta koma kan Hajiya Uwani.

"Saura abu ɗaya," ta ce. "A labarin da muka saki mun ambaci kamfani, ba mu ambaci mai shi ba. Da yawa kun tambaya. Wasu sun ce tsoro muka ji, wasu sun ce an saye mu."

Karo na farko Fiddausi ta ga hannun tsohuwar ya nemi kan sandar ya riƙe.

"Ranar da Mannir ya gano mai kamfanin, bai kira ni a waya ba. Ya zo Bungudu da kansa, ya zauna a ƙofar ɗakina ya kasa shigowa. Ya ce, Inna, mu bar labarin nan. Na ce don me? Ya gaya mini sunan. Na ce ka tabbata? Ya nuna mini yadda ya tabbatar. Na shiga ɗaki na yi sallah raka'a biyu, na fito na ce masa, rubuta. Amma ka riƙe sunan, ka neme shi tukuna, ka ba shi dama ya yi bayani ya gyara. Mannir ya neme shi, ya ƙi ganinsa. Amsar da ya bayar ita ce ƙarar da ya kai. Bai san wa ke bayan shafin ba."

Malam Bello ya daina motsi, biron na hannunsa.

"Mai kamfanin Hasken Ma'adinai sunansa Alhaji Zakari Adamu."

"Innalillahi," in ji Malam Bello. "Hajiya... Zakari? Zakarinki?"

Ba ta dube shi ba. Idonta na kan wayar, muryarta ba ta karye ba.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, ni na goya shi. Ba ni da wani ɗa namiji sai shi."

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannun Fiddausi. Zaharaddeen ya tare ta. Saƙonnin da ke gudu a fuskarta suka tsaya cak na ɗan lokaci, kamar garin gaba ɗaya ya riƙe numfashi.

Sai ƙarar birki a waje.

Ƙofar mota ta bugu. Takun sauri a kan siminti.

Ƙofar zauren ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango.

Wani mutum ne ƙaƙƙarfa cikin farar shadda, hularsa a karkace, gumi ya jiƙa masa wuya. Waya na hannunsa, kuma daga cikinta muryar Hajiya Uwani ke fitowa, tana maimaita abin da ta faɗa yanzu: ni na haife shi, ni na goya shi.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Bai ga kowa a ɗakin ba sai ita.

"Inna."

Fiddausi ta kai yatsa za ta kashe.

"Kada ki taɓa," in ji tsohuwar, ba ta ko juya ba.

"Inna, don girman Allah. Ki sa a kashe abin nan mu yi magana. Ni ne fa."

Sai a lokacin ta dube shi. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da uwa ke wa ɗan da ya dawo daga tafiya ya rame.

Ta ɗaga sanda ta nuna kujerar da ke gefen Ardo Yakubu.

"Bello, ba baƙonmu ruwa."

Ta mayar da fuskarta ga wayar.

"Jama'a, Allah ya kawo mana wanda ake zargi da kansa, kuma haƙƙinsa ne a ji ta bakinsa. Alhaji Zakari, barka da zuwa. Zauna. Tambayata ta farko: ka san ruwan da yaran nan ke sha?"